Ranar da Na Nuna wa Maƙerin Azurfa Aikin Hannunsa

Wata rana da hantsi, Talata ce ban manta ba, ina zaune a shagona na ɗaukar hoto a Tudun Wadan Zariya ina fama da ƙosai, sai wani dattijo ya yi sallama. Wata mata tana biye da shi, ta riƙe masa jaka.

Ku da kuka daɗe a shafin nan kun san halina.

Ni ne na sa wa bunsurun maƙwabcinmu hula na ɗauke shi hoton fasfo.

Ni ne na ɗauki Haladu tela yana barci a kan keken ɗinki, baki buɗe, na buga a kalanda na raba wa 'yan layinmu. Har yau idan ya tuna sai ya jefe ni da ƙyalle.

Shekarata arba'in da shida, 'ya'yana biyar, amma tsokana ta ƙi sakina. Ni da boko kuwa tun aji uku na sakandare muka rabu, ba faɗa, kowa ya kama gabansa.

To yau ba dariya na kawo muku ba.

Labarin nan ya kusa shekara yana cina. Jiya na ce gara in rubuta, ko na samu sauƙi.

Dattijon dogo ne siriri, rigarsa fara tas, yatsunsa duk tabon ƙuna. Yana buɗe baki na ji harshen Kano.

Kun san tsakanin Bazazzagi da Bakano. Wasa ne tun na kakanni, ba babba ba yaro.

Na ce, "A'a! Ashe bawana ne ya zo gaisuwa da hantsi."

Ya ce, "Kai, ka ji ɗan banza. Tashi ka ba ubangidanka kujera. Shekara talatin da biyar ina garin nan naku, har yau ban ga abin da kuka iya ba sai surutu."

Na ce, "Surutun ne ya riƙe ka ka kasa komawa gida."

Ya yi dariya har da tari. Nan take na ji mutumin ya kwanta min a rai.

Matar 'yarsa ce, Hansatu, za ta yi shekara talatin da 'yan kai. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce mata Uwata.

Ya ce, "Uwata, fito da ita."

Ta ciro wani hankici a ƙulle, ta kwance a kan tebur.

Munduwa ce ta azurfa, mai faɗin yatsa biyu, an bi jikinta da zane.

Ya ce, "Wata biyu ina kanta. Ni maƙerin azurfa ne, gado na yi. An ce min kai ne mai babbar kyamara. Yarinyar nan da waya take ɗaukar min kayana tana nuna wa masu saye, to wannan ta fi ƙarfin waya. Ina so a ɗauke ta yadda ya kamace ta."

Yanzu bari in gaya muku abin da ni ban sani ba a lokacin.

Idon dattijon nan ya tafi.

Ciwon suga ne ya ci shi a hankali. Ba yanar ido ba ce da za a je a cire. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma ƙananan abubuwa sun dushe masa, shi kuma bai san iyakar yadda suka dushe ba. Hannu ya saba da aiki, sai ya ɗauka har yanzu hannun yana zuwa inda ya aike shi.

Masu saye sun daɗe da janyewa.

Hansatu ce take karɓar duk abin da ya ƙera, ta fita da shi, ta dawo ta ce, "Baba, an saya, sun ce a gaishe ka." Sai ta ɓoye a ɗakinta. Da sana'arta ta turaren wuta take sayo masa wata azurfar.

Tun da mahaifiyarta ta rasu, maƙerar nan ce kaɗai take fito da shi daga ɗaki da safe.

Abin da take tsaro ke nan.

Ni kuwa ina can ina lashe man ƙosai a yatsa.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikinmu, don ku gane girman wautata.

Yanzu kowa da waya a hannu, ba mai zuwa hoton Sallah. Abin da ya riƙe ni shi ne hoton kayan sayarwa. Mata masu sarƙa da 'yan kunne da zobe su kawo, in ɗauka musu, su sa a shafinsu.

Azurfa kuwa 'yar rigima ce. Madubi ce. Ka haska mata fitila kai tsaye, sai ta yi fari fat, ba ka ganin komai sai ƙyalli. Ka tsaya gabanta da jar riga, sai jar rigarka ta fito a jikinta. Na taɓa ɗaukar zobe, da na duba sai ga ƙaton hancina a ciki.

Dabarar da na samo ita ce farin bokitin roba. Na yanke gindinsa. Sai in kife shi a kan kayan, in sa fitila biyu daga waje, hasken ya ratsa robar ya sauka a hankali ta ko'ina, babu inuwa mai kaifi. Sai in leƙa da kyamara ta sama.

A cikin bokitin nan, ko murfin kwalba ka sa sai ya yi kyau.

Sai gilashin da ake ɗaura wa kyamara a baki. Guda biyu nake aiki da su, kuma duk na raɗa musu suna.

Na farko Dattijo. Daga ɗan nesa yake kallo, ya nuna abu gaba ɗayansa, ya yi shiru a kan sauran.

Na biyu Magulmaci. Shi kusa-kusa yake zuwa. Ƙwayar gero sai ya mayar da ita kamar kankana. In ka haɗa shi da fitila guda tsirara, ka kwantar da ita ƙasa-ƙasa daga gefe, to duk wani ƙarzane, duk wani rami, sai ya yi inuwa ya tashi tsaye. Haka muke ɗaukar zane mai kyau don a ga zurfinsa.

Haka kuma yake tona wanda ba shi da kyau.

Ina jera fitilu, Hansatu ta matso kamar za ta gyara hankicin. Ta yi ƙasa da murya.

"Malam, don Allah ka ɗauka daga nesa-nesa. Kada ka matso da ita."

Na ce, "Hajiya, ai zane sai an matso."

Ta kalli mahaifinta, ta kalle ni. "Don Allah dai."

Iyakar abin da ta ce ke nan, saboda yana zaune taku uku daga inda muke.

Kun san abin da ya zo min a rai?

Na ce a zuciyata, yawwa, na kama Bakano. Wato azurfar gauraye ce, ba sa so a gani. Yau akwai abin tsokana har Sallah.

Wallahi iyakar tunanina ke nan.

Da farko na yi yadda ta ce. Na kife bokiti, na ɗaura gilashina Dattijo, na ɗauka. Munduwa ta fito sumul, tana sheƙi a hankali kamar wata daren sha huɗu. Hansatu ta leƙa, na ji ta sauke ajiyar zuciya.

Dattijon ya ce, "Kawo in gani."

Na miƙa masa kyamarar. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya kawo ta kusa da fuska, yana gyaɗa kai.

"Madalla. Madalla. Ka ga zanen ya fito."

Na leƙa ta kafaɗarsa.

Ɗan allon bayan kyamarar ya riga ya mutu. Baƙi ne wuluk. Shi yake kallo yana cewa madalla.

Mai hankali a nan zai tsaya.

Ni dariya ce ta kama ni. Na ce a raina, Bakano da cika baki, ko kunna kyamara bai iya ba.

Daidai nan wayar Hansatu ta yi ƙara. Ta ce, "Baba, ina zuwa," ta fita bakin titi saboda ƙarar janareta.

Na ce, "Baba, wannan allon na yara ne. Bari in sa maka a talabijin ka ga aikin Kanawa da kyau."

Ina da babbar talabijin a bango, wadda nake nuna wa amare hotunansu. Na jona waya daga kyamara. Na ɗauke bokiti. Na cire Dattijo na ɗaura Magulmaci. Na kashe fitila ɗaya, na kwantar da ɗayar a gefe.

Ban tsaya nan ba. Na leƙa waje na ƙwala wa Haladu tela kira.

"Haladu! Zo ka ga yadda ake kama Bakano!"

Ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, yana murmushi tun kafin ya san abin da za a yi.

Na danna.

Wuri mai faɗin farce ya cika bango guda.

Azurfar tsantsa ce, ba gauraye. Wannan na fara gani.

Amma zanen, jama'a.

Layukan da ya kamata su tafi a jere kamar kunyoyin gona, sun hau juna. Wani ya taso ya ɓace a hanya. Akwai fure mai ganye shida, huɗu suna nan, biyu sun faɗa cikin na kusa da shi. Wani wurin an buga sau biyu, gefe da gefe, kamar mai neman ƙofa a duhu. Inda aka haɗe bakin kuwa ya yi tudu kamar ƙari.

Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Baba, wannan zane ne ko kaza ce ta yi tono?"

Haladu ya fashe da dariya.

Dattijon ma ya yi dariya. Ya tashi, ya matsa gaban talabijin, ya kanne ido. Wannan kam yana gani, don ko daga tsallaken titi za a gani.

Ya ce, "Kai, kai, kai. Wane ɗan koyo ne ya yi wannan ɓarnar? Na Zariya ne ko? A karɓe masaba daga hannunsa, kada ya sake taɓa azurfa."

Na ce, "Taka ce fa, Baba."

"Tawa wace?"

"Munduwarka. Ga ta nan a tebur."

Dariyar ba ta ɗauke daga fuskarsa lokaci guda ba. A hankali ta riƙa sauka.

Ya lalubi tebur ya ɗauki munduwar. Ya sa babban yatsa yana bin jikinta, yana juyawa, yana juyawa, har ya iso wurin furen. Ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli bango. Ya sake shafa furen.

Haladu ya zare jiki ya fice, ko sallama babu.

Sai ga Hansatu ta shigo. Ta kalli bango. Wayar ta suɓuce daga hannunta.

Bai juyo ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Tun yaushe?"

"Baba, mu tafi gida."

"Tun yaushe, na ce."

"Shekara biyu."

"Waɗanda kika ce an saya fa?"

"Suna ɗakina."





Na yi wuf na zare wayar talabijin. Na fara zuba kamar rediyo. Na ce Baba ai gilashin nan maƙaryaci ne, haka yake karkatar da komai, ko aikin inji ka sa masa sai ya ɓata shi, fitilar ce ban saita ba, bari in sake.

Ya ɗaga min hannu.

"Yaro, kyamararka ba ta riƙe masaba ba. Ni na riƙe."

Ya naɗe munduwar a hankici da kansa. Ya ƙulla, ƙullin ya kwance, ya sake ƙullawa. Ya sa a aljihu.

A bakin ƙofa ya yi tuntuɓe da dakali. Hansatu ta kama hannunsa. Da suka shigo ba ta riƙe shi ba, shi ne a gaba. Da za su fita ya bar mata hannun.

Ba ta kalle ni ba.

Ranar ban sake ɗaukar hoto ko ɗaya ba. Na koma gida, maiɗakina ta ce, "Yau kuma wa ka tsokana aka rama?" Na wuce ɗaki na kwanta.

Na kira lambar da Hansatu ta bar min don in tura hotuna. Ba a ɗauka ba. Na tura saƙon ban haƙuri. An karanta, ba a amsa ba.

Kwana huɗu ina haka.

Ranar Asabar na shiga cikin gari ina tambayar maƙera, ina Bakanon nan mai azurfa, dogo, mai 'ya Hansatu. Kowa ya san shi. Wani tsoho ya ce min, "Da can, in amarya ba ta sa aikinsa ba, ba ta ji an yi mata aure ba." Ya nuna min lungun.

Maƙerar wata 'yar rumfa ce a jikin zauren gidan. Na tarar da hayaƙi yana tashi.

Wallahi na ji sanyi a raina. Na ce alhamdu lillahi, ya koma aiki.

Na yi sallama.

Yana zaune a kan buzu, ga wuta a gabansa. A gefensa an shimfiɗa zani, an zube kaya a kai. Zobba, 'yan kunne, awarwaro, sarƙoƙi, sun yi tsibi. Aikin shekara biyu. Hansatu tana tsaye a bakin zaure, idonta ya kumbura.

Ya ce, "Wa nake ji kamar Bazazzagin nan?"

Na durƙusa. Na ce, "Ni ne, Baba. Na zo ne..."

"Ka zo a daidai. Uwata ta ƙi kama min zuga-zugi. Zauna can."

Ban gane ba. Na zauna, na kama fatun nan biyu na hura wuta, na fara dannawa. Gawayi ya yi ja.

Ya ɗauki wani zobe daga tsibin. Ya shafa shi da yatsa, ya zagaye. Ya ce, "Wannan na yi shi da azumin bara."

Ya jefa shi cikin ɗan kaskon narka ƙarfe da ke tsakiyar wutar.

Na saki zuga-zugin.

"Baba, me kake yi?"

"Hura."

"Baba, don girman Allah. Akwai masu kyau a ciki. Kawo in ɗauka maka su a bokitina, wallahi ba wanda zai gane."

Ya ce, "Ni na gane."

Na ce, "Ai mutane ba da gilashina suke kallo ba."

Ya ce, "Mahaifina in ya ga layi ɗaya ya kauce, ba ya magana. Sai dai ya jefa a wuta, in sake daga farko. Shekara hamsin ban bar abu irin wannan ya fita da sunan gidanmu ba. Ba zan mutu in bar shi a ɗakin 'yata ba, wata rana jikokina su buɗe su ce wannan ne aikin kakanmu. Hura, yaro."

Na hura.

Ban taɓa ganin azurfa tana narkewa ba sai ranar. Tana nan da siffarta, tana nan, sai ka ga ta yi laushi ta durƙushe, ta zama ruwa mai sheƙi yana rawa.

Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka. Kowanne sai ya shafa shi tukuna. Wani ya faɗi lokacin da ya yi shi. Wani kuma ya jefa kawai.

Ya ɗago wasu 'yan kunne ya ce, "Uwata, waɗannan ne kika ce wata malamar asibiti ta saya har ta ce a yi mata irinsu?"

Ta ce, "Su ne, Baba."

Ya ce, "Kin iya tsara zance. Har na ji ina son in ga matar."

Ya yi 'yar dariya. Ita ta juya ta fuskanci bango.

In kaskon ya cika sai ya kama shi da awartaki, ya juye a wani dogon rami da aka fafe a jikin dutse. A nan hannunsa ko rawa ba ya yi.

Mun fara da hantsi, ba mu gama ba sai da aka kira azahar. Kafaɗuna kamar za su cire. Hayaƙi ya ba ni uzurin hawaye, na yi amfani da shi.

Munduwar ce ta ƙarshe. Ya ciro ta daga aljihu. Ita ya fi daɗewa yana shafawa.

Ya ce, "Wallahi a cikin kaina daidai take."

Ya sa ta a wuta.

Da komai ya huce, abin da ya rage 'yan sanduna ne guda huɗu, kowanne kamar yatsa. Ya tattara, ya kira Hansatu, ya zuba mata a tafin hannu.

"Ungo. Guminki ne. Azurfar dai mai kyau ce, ita ba ta yi laifi ba."

Sai ya jawo butar da ke gefensa ya tuttule ruwan a kan gawayin.

Maƙera ba sa kashe wuta haka. Barinta suke ta mutu da kanta, gobe a tashe ta. Ko ni da ba maƙeri ba na san wannan.

Tururi ya cika rumfar.

Na matsa na kama ƙafarsa. Na ce, "Baba, ka yafe min. Wasa na yi niyya."

Ya ce, "Na sani. Ai ni na fara ce maka ɗan banza, ka ga ban yi ƙarya ba." Ya dafa kaina. "Na yafe maka duniya da lahira. Abin da ke nan ka nuna, ba ka ƙara komai ba. Amma ba ni ka yi wa laifi ba. Ga ta can."

Na tashi na je gaban Hansatu. 

Na ce, "Hajiya, ban sani ba. Da kin gaya min..."

Sai a lokacin ta kalle ni.

"A gabansa zan gaya maka? Likita ya ce nan da shekara ɗaya ko biyu ganin zai ƙarasa tafiya. Da ya ajiye masaba da kansa, yana ganin ya gama lafiya. Saura kaɗan, Malam. Abu ɗaya na roƙe ka."

Ta shige gida da sandunan a hannu.

Dattijon yana nan da ransa. Nakan je gaishe shi wata Juma'ar. Yana zaune a zaure da 'yar rediyo, hannuwansa a kan gwiwa, ba abin da suke yi. Ya rame. Yakan ce min ɗan banza, ni ma in ce masa bawana, mu yi dariya, amma daga ni har shi mun san ta dole ce.

An sa wa rumfar kwaɗo.

Hansatu takan aiko min da ruwa in na je. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba.

Wasu za su ce ai gaskiya ce ta fito, kuma ƙarya ba ta da kyau. Na yi wannan gardamar da kaina ya fi a ƙirga. Wataƙila ya kamata ya sani. Amma in ma za a gaya masa, 'yarsa ce za ta gaya masa, a cikin ɗaki, ita da shi. Ba ni ba, a bango, da ɗan kallo da na kira da bakina.

Darasi:

Idan wani ya yi ƙasa da murya ya roƙe ka abu, ko ba ka gane dalili ba, yi masa tukuna, ka tambaya daga baya. Mai yiwuwa wani yake karewa, kuma ba zai iya yi maka bayani a wurin ba.

Mu kuma masu tsokana, mu riƙa duban mutum da kyau kafin mu buɗe baki. Ni an nuna min alama ƙarara, na mayar da ita abin dariya.

In akwai tsoho a gidanku da har yanzu yake taɓa sana'arsa, ko aikin ya daina kyau, ku bar shi da abinsa.

Ku tura wa abokin nan naku da bakinsa ke riga hankalinsa, kowa yana da irinsa. In kuma kai ne, to ka karanta sau biyu. Wanda ya karanta ya sa dattijon nan da 'yarsa a addu'a.